Yadda Ake Shirya Horon Kiyaye Lafiya da Rayukan Mahaƙa a Bakin Rami

Duk wanda ya zauna a Tahoua ya san cewa da zarar an gama girbi, an ɗaure dammunan hatsi an zuba a rumbu, samarin Adar sukan fara haɗa kayan tafiya. A da hanyar cin rani Abidjan take nufa, ko Legas, ko Libiya da Aljeriya, amma tun daga 2014 da aka gano zinariya a Djado da Tchibarakaten, da yawa daga cikinsu ramukan haƙa suke dosa. Waɗanda suka tsaya a gida ma ba su rabu da diga da shebur ba, domin ƙasar wannan jiha tana da dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza, tana da jips da fosfat, ga kuma kwal kwance a Salkadamna. Mafi yawan waɗannan mutane sun fara shiga rami ne ba tare da wani ya zaunar da su ko na yini guda ya nuna musu abin da ke kashe mutum a ƙarƙashin ƙasa ba. Wannan bayani na masu ramuka ne, da jagororin ƙungiyoyin mahaƙa, da duk wanda aka ɗora wa nauyin koyar da ma'aikata yadda za su sauka lafiya su kuma hau lafiya.

Horo na farko da na shirya bai yi amfani ba, kuma gara in faɗi dalili tun yanzu domin kada wani ya maimaita shi. Mun tara mutane a wani ɗakin taro cikin gari, muka yi kwana uku muna haska musu rubutun Faransanci a bango, muka raba hulunan kwano da takardun shaida, aka ɗauki hoto aka watse. Bayan wata biyu na ziyarci wurin aikinsu, na tarar ana auna garin dutse da ɗaya daga cikin hulunan, wata kuma an rataye ta a rumfa an ajiye ganyen shayi da sukari a ciki. Ba laifin ma'aikatan ba ne. Mun koya musu abin da ba su ga inda ya shafi raminsu ba, da harshen da ba shi suke ji ba, kuma mai ramin da ke yanke hukunci a kan komai bai leƙo ko sau ɗaya ba.

Mataki na farko, saboda haka, shi ne mai koyarwa ya je wurin da ƙafarsa kafin ya rubuta ko layi ɗaya na darasi. Ya kwana biyu ko uku a can, ya bi dutsen tun daga inda ake fasa shi a ƙasan rami, zuwa inda ake jawo buhu, zuwa wurin daka ko injin niƙa, zuwa wurin wanki da wurin ƙonawa, sannan ya ƙarasa har rumfunan kwana da inda mata ke sayar da abinci. A kowane zango ya tsaya ya tambayi kansa abin da zai iya faɗo wa mutum, abin da mutum zai iya faɗawa ciki, da abin da yake shaƙa. Ya zauna da tsofaffin mahaƙa a wurin shayi ya tambaye su, ba game da waɗanda suka rasu kaɗai ba, har da ranakun da aka tsallake rijiya da baya, kamar ranar da igiya ta tsinke da buhu ba da mutum ba, ko ranar da wani ya hau yana jiri bai san dalili ba. Waɗannan labarai su ne jigon darasin, domin mahaƙi yakan yi gardama da littafi, amma ba ya gardama da abin da ya faru a ramin maƙwabcinsa. Daga abin da ya tara sai ya zaɓi haɗurra biyar ko shida mafi muni a wannan wuri, ya bar sauran zuwa wani zuwan. Darasin da ya dace da mai fasa dutse a fili kusa da Malbaza ba shi ne ya dace da wanda ke sauka ramin zinariya mai zurfin gaba ashirin ba.

Mataki na biyu shi ne shawo kan masu iko da wurin. A yawancin ramukan gargajiya ma'aikaci ba albashi yake karɓa ba, rabonsa yana cikin buhunan da aka fitar, don haka duk sa'ar da ya yi a zaune yana sauraro asara ce a idonsa. Dole ne a yi magana da mai rami tun farko a kan cewa abincin ranar horo da rabon ma'aikata ba za su ragu ba, kuma shi da kansa da shugaban aikinsa za su zauna a tabarma ɗaya da kowa. A sanar da mai gari da limamin wurin, a kai takarda ofishin ma'aikatar ma'adinai na jiha, a kuma gayyato ma'aikacin lafiya daga asibiti mafi kusa domin ya ɗauki nauyin darasin taimakon gaggawa. Kada rukuni ya wuce mutum goma sha biyar zuwa ashirin, a yi zaman da sassafe kafin rana ta yi zafi, sa'a biyu a kowace rana har kwana biyar ya fi yini guda cur. A yi da Hausa, a nemi tafinta na Tamashek, Fulatanci ko Zabarmanci idan akwai masu buƙata, kuma a tuna cewa da yawa sun fi karanta ajami a kan boko, wasu kuma sai dai zane.

A zaman farko kada a fara da kayan kariya. A fara da maganar da ke cikin zuciyar kowa, wato ƙaddara. Kusan ko'ina za a samu wanda zai ce, "Malam, in kwana ya ƙare ko a kan gado kake sai ka tafi." Gaskiya ya faɗa, kuma ba a yi masa musu, sai dai a tuna masa hadisin mutumin da aka umurta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali, idan liman ne ya faɗi wannan da bakinsa ya fi shiga. Daga nan sai a kafa dokar da duk sauran horon ya dogara a kanta, a gaban mai rami kuma da amincewarsa: duk ma'aikacin da ya ga alamar haɗari yana da ikon ya ajiye diga ya fito, ya kuma fito da ƴan uwansa, ba tare da an kira shi matsoraci ko an taɓa rabonsa ba. Wannan ba ƙirƙirar mai koyarwa ba ce, yana cikin yarjejeniya mai lamba 176 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan lafiya da tsaro a wuraren haƙar ma'adinai, wadda aka amince da ita a 1995. A wannan zaman ne kuma za a fayyace cewa yaron da bai kai shekara 18 ba ba ya sauka rami, ba ya daka dutse, ba ya taɓa zaiba.

Sai a koma ga ruftawar ƙasa, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa. A watan Nuwamban 2021 rami ya rufta da mahaƙan zinariya a Garin Liman, kusa da Ɗan Issa cikin jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu, kuma kusan duk mahaƙin da ke ƙasar nan ya ji labarin. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne nauyin ƙasa. A sa a cika buhu ɗaya da ƙasar wurin a ce wani ya ɗaga, sannan a auna mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi da sanda a ƙasa, a gaya musu cewa ƙasar da za ta cika wannan ɗan wuri ta kai kimanin tan ɗaya da rabi. Wanda ta danne masa ƙirji ba zai iya numfashi ba ko da kansa yana waje.

Daga nan a tashi a je bakin rami a duba shi tare. Ƙasar da aka fitar kada a tara ta a gefen baki, a matsar da ita aƙalla mita ɗaya, domin nauyinta yana tura bango kuma duwatsunta suna gangarowa kan na ƙasa. A ɗaga bakin da buhunan ƙasa ko tsofaffin tayoyi yadda ruwan sama ba zai kwarara ciki ba. A nuna musu inda ƙasa mai laushi ta haɗu da dutse, domin nan ne bango ya fi zaftarewa, nan ne kuma ya fi buƙatar tokari. Itace yana da tsada a arewa, kowa ya san haka, amma buhunan da aka cika da tarkacen dutse aka jera su kamar gini suna tallafe rufi a inda aka riga aka kwashe. Sai maganar ginshiƙi, wato dutsen da ake bari tsaye da gangan domin ya riƙe sama. Jarabar ita ce jijiyar zinariya takan bayyana a jikinsa, sai wani ya ce a ɗan fafe shi kaɗan, gobe wani ya ƙara, har ya zama siriri kamar taɓarya. A shafa wa kowane ginshiƙi farar ƙasa ko fenti a gaban kowa, a amince cewa wanda aka shafa ba a taɓa shi. Haka kuma a zauna da masu ramukan da ke maƙwabtaka, domin a inda ramuka suka yi kusa da juna kowa yana haƙa a kwance yana cin ƙasar da ke riƙe da ramin ɗan uwansa ba tare da ya sani ba.

Akwai darasin da ban taɓa iya bayarwa kamar yadda wani dattijo ya bayar da shi a gabana ba. Ya ɗauki dogon ƙarfe ya shiga da samari uku inda rufin yake da kyau, ya ƙwanƙwasa, sai aka ji ƙara siririya mai kaifi. Ya matsa gaba kaɗan, yana tsaye a ƙarƙashin wurin da ya riga ya gwada, ya miƙa ƙarfen ya sake bugawa, sai sautin ya fito kamar an bugi ƙwarya a kife. Ya juya ya ce wa ƙaramin cikinsu, "Ɗana, ka ji? Wannan ya rabu da uwarsa, jira kawai yake." Yaron ya ce, "Baba, ai ba tsaga a jikinsa." Dattijon ya sa bakin ƙarfen a gefe ya ɗan banƙara, sai ga falalen dutse mai faɗin faifai biyu ya faɗo a inda babu kowa. A nemi irin wannan mutum a kowane wuri a ba shi wannan darasin, kuma kowane ɗalibi ya riƙe ƙarfen da hannunsa har sai kunnensa ya rarrabe sautukan biyu. A haɗa masa da sauran alamomi: ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan daga sama, tsaga sabuwa ko wadda ta ƙara buɗewa, itacen tokari yana ƙara ko ya lanƙwashe, ruwa yana tsattsafowa a inda da babu. Bayan ruwan sama ba a sauka sai shugaban aiki ya duba, kuma a ramukan da ke cikin ƙasa mai laushi shawarata ita ce a dakata baki ɗaya har damina ta wuce.

Mataki na gaba shi ne iska, wadda ta fi ruftawa yaudara tun da ba a ganinta. Iskar da muke shaƙa a sarari tana da oksijin kusan kashi 21 cikin ɗari, kuma idan ya sauka ƙasa da 19.5 ana ɗaukar wurin a matsayin mai haɗari. A ramin da aka daɗe ba a shiga ba, iska mai nauyi takan kwanta a ƙasa kamar ruwa a kwatami, mutum ya sauka ya faɗi kafin ya yi kira. Wata iskar tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma muguntarta ita ce idan ta yi yawa sai hanci ya daina jin warin, mutum ya zaci ta tafi. Amma wadda ta fi kama mahaƙanmu ita ce ta hayaƙin inji, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Saboda haka dokar da za a maimaita har ta zauna ita ce, gurup, wato injin ba da wutar lantarki, ko motopom, wato injin jan ruwa, mai aiki da fetur ko gazuwal ba ya sauka rami ko kaɗan, kuma a waje ma a ajiye shi nesa da baki, a ɓangaren da iska za ta tafi da hayaƙin, nesa kuma da fankar da ke tura iska ƙasa. A gwada wannan a fili: a kunna ɗan tsumma ya yi hayaƙi kusa da fankar, kowa ya ga yadda bututun leda yake zuƙe shi ya kai ƙasa. A koya musu cewa ana kunna fanka a bar ta ta yi aiki kafin mutum na farko ya sauka, kuma bakin bututun ya kai har inda ake fasa dutse, ba ya tsaya a rabin hanya ba.

Wasu sukan zura fitila ko kyandir su gani ko zai mutu. Wannan dabara tana nuna ƙarancin oksijin ne kawai, ba ta nuna gubar hayaƙi, kuma a inda akwai kwal tana iya tayar da wuta. Ƙungiyar da ke da hali gara ta haɗa kuɗi ta sayi ƙaramar na'urar auna iska mai ƙararrawa, a zura ta da igiya kowace safiya, a kuma riƙa kai ta ana daidaita ta kamar yadda masu ƙera ta suka tsara. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko kasalar da ta kama mutum biyu a lokaci ɗaya alama ce ta fita nan take, ba alamar yunwa ba.

Maganar igiya da nakiya ba ta buƙatar dogon bayani, sai dai tsanani. A warware igiyar duka a ƙasa kowace safiya a bi ta da hannu, wadda ta fara sili ko ta sha mai a cire ta daga aikin ɗaukar mutum. Ba a jawo buhu alhali mutum yana tsaye a ƙarƙashinsa, kuma mai sauka ya ɗaura igiya ta biyu a jikinsa. A amince da alamomi kaɗan da kowa zai haddace, misali ja ɗaya tsaya, biyu jawo, uku saki. A kafa allo da ƙusoshi a bakin rami, kowane ma'aikaci ya sami murfin kwalba mai alamarsa, ya rataye in zai sauka ya cire in ya hau, ta yadda mai tsaron baki zai san adadin waɗanda ke ƙasa da kallo ɗaya. Nakiya kuwa aikin wanda ya sami izini da horo na musamman ne. Abin da sauran za su sani shi ne a ƙirga harbin da aka ji a gwada da wanda aka ɗana, kada a koma sai an yi aƙalla rabin sa'a fanka tana aiki, kuma ba a sa bakin injin huda a tsohon ramin harbi.

Ƙura ita ce haɗarin da ma'aikata suka fi rainawa, domin ba a ranar take kashewa ba. Farin dutsen da zinariya ke zama a cikinsa, idan aka huda shi ko aka niƙa shi a bushe, yana fitar da ƙura mai laushin da ido ba ya gani, ta shiga can cikin huhu ta zauna, huhun ya yi ta tabo har ya taurare. Cutar ba ta da magani, kuma wanda ta kama ya fi saurin kamuwa da tarin fuka. Kowane ƙauye a Adar da ake zuwa haƙa ya san irin mutumin da ya dawo gida da kuɗi, bayan ƴan shekaru kuma ba ya iya zuwa masallaci sai ya tsaya ya huta. A nuna musu ƙurar da dare, a haska tocila mai ƙarfi a gefen injin niƙa, sannan a yayyafa wa dutsen ruwa a sake haskawa. Ruwa shi ne rigakafi na farko, a wurin huda da wurin niƙa da wurin shara. Na biyu shi ne a matsar da injin niƙa nesa da rumfunan kwana da masu abinci, a ɓangaren da iska ba za ta kawo ƙurar kansu ba. Rawani da ƙyalle da takunkumin asibiti ba sa tare wannan ƙura, sai takunkumi mai lamba FFP2 ko FFP3 wanda ya kama fuska ba tare da kafa ba, kuma dole a gaya wa masu gemu gaskiya cewa gashi yana hana shi kamawa, don haka su ne suka fi buƙatar aiki da ruwa. Kada a kai dutse gida a daka a turmin abinci. A 2010 a Zamfara, ƙurar dutsen zinariya mai gubar dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Ma'aikaci ya wanke jiki ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa.

Inda ake amfani da zaiba, a ware mata zama guda. Haɗarinta mafi girma yana cikin tururin da ke tashi lokacin da ake ƙona dunƙulen zaibar da ta kama zinariya don zinariyar kaɗai ta rage, wanda ke lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda, ya kuma cutar da jariri a ciki. Rawar hannu, yawan mantuwa, saurin fushi da ciwon dasashi suna cikin alamominta. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Nijar take cikinta, tana neman a rage amfani da ita har a daina, amma kafin a kai can mai koyarwa ya nuna abin da za a iya yi gobe da safe: a wanke gari a tace shi sosai kafin a sa zaiba a ɗan abin da ya rage, a yi ƙonawa a fili nesa da gidaje da mata masu ciki, a cikin ƙaramar tukunyar ƙarfe mai rufi da bututu wadda ke mayar da tururin zaibar ya zama ruwa-ruwa ya ɗiga a kwano. A ƙona dunƙule ɗaya a gabansu da wannan tukunya, su ga zaibar ta dawo, domin ganin cewa ba za a sake sayenta ba ya fi wa'azi tasiri. Masu kwatamin siyanur kuma, wato gubar da ake narkar da zinariya da ita daga garin dutse, su kewaye shi saboda yara da dabbobi, su kiyaye awon farar ƙasar da ake zubawa, kada ruwan asid ya kusance shi domin haɗuwarsu tana tayar da iska mai kisa, kada kuma a zuba masa tarkacen da aka riga aka sa wa zaiba.

Zafin watannin Afrilu da Mayu, da yakan haura digiri 40 a nan, yana buƙatar tsari: aiki mai nauyi da sassafe da yamma, kofin ruwa guda kowane minti 15 zuwa 20 ko ba a ji ƙishi ba, sabon zuwa kuma a ba shi mako ɗaya ko biyu yana ƙara aiki a hankali. Wanda ya rikice ko ya fara surutai a rana, a kai shi inuwa a jiƙa shi da ruwa a yi masa fifita, a nemi mota. A yi maganar tramol a fili ba tare da cin fuska ba, domin yana ɓoye gajiya da ciwo, yana kawo farfaɗiya, kuma wanda ya sha ba a ba shi igiyar wani ya riƙe. Sai a ƙarshe a zo kan hular kwano, takalmi mai ƙarfe a baki, safar hannu, gilashin ido da abin toshe kunne ga masu injin niƙa da na huda. Na ajiye su a baya da gangan, saboda hula tana tare tsakuwa ne, ba ta tare rufin rami. Kowa ya sa nasa a gyara masa daidai kansa, a rubuta alamarsa a jiki, a kuma yi magana a kan wanda zai sauya abin da ya lalace.

Rana ta biyar ta gwajin ceto ce. Ba tare da sanarwa ba, a sa mai tsaron baki ya yi ihu cewa na ƙasa ya daina amsawa, a zuba ido a gani. A duk inda na gwada, mutum biyu ko uku sukan ruga su kama igiya za su sauka, kuma ta haka ne gawa ɗaya take zama uku. A tsayar da su a sake daga farko: a duba allo a san ko su nawa ne, a kashe duk injin da ke hayaƙi, a tura iska ƙasa, mutum ɗaya ya tafi kiran taimako a lambar ƴan kwana-kwana 18 ko ta asibiti mafi kusa, kuma mai ceto ba ya sauka sai da igiya a jikinsa da mutanen da za su jawo shi. Idan ƙasa ce ta rufta, a kori ƴan kallo daga saman wurin, a tokare bango kafin a shiga, a haƙa da hannu idan an kusa, a buɗe fuska da ƙirji tukuna. Ma'aikacin lafiya ya koya wa kowa danna rauni da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, ba tare da zuba ƙasa ko toka ko baƙin mai ba. Ya kuma koya musu ɗora wanda ya faɗo bisa ƙyaure ko katako a ɗauke shi ba tare da lanƙwasa wuya da baya ba. Wanke idon da sinadari ya shiga da ruwa na tsawon minti 15 aƙalla. Da danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya, sau 100 zuwa 120 a minti. A tantance tun yanzu motar da za ta ɗauki majinyaci, wanda ke riƙe da makullinta, da kuɗin man da aka ajiye domin wannan kaɗai.

Jarrabawa ba ta takarda ba ce. Kowane ɗalibi ya ƙwanƙwasa rufi ya faɗi abin da ya ji, ya duba igiya, ya sa takunkumi, ya nuna inda gurup zai zauna idan iska ta juya. Wanda ya kasa a sake masa, wanda ya yi fice a naɗa shi mai kula da tsaro na raminsa, shi ne zai riƙa tara mutane minti biyar kowace safiya, shi ne kuma zai karɓi duk sabon zuwa ya bi da shi waɗannan matakai kafin ya taɓa igiya, tun da a wuraren haƙa fuskoki suna sauyawa kowane mako. A manyan kamfanoni, irin na uraniyom a Arlit ko na kwal a Anou Araren kusa da Tchirozérine, akan ƙara darussan manyan injuna da lantarki, a wurin uraniyom kuma da na'urar da ma'aikaci ke ratayawa tana auna tururin da jikinsa ya ɗauka. Ma'aikacin da ke da kwangila ya tabbatar an yi masa rajista a CNSS, wato asusun ƙasa na inshorar ma'aikata, domin a san da shi idan ya ji rauni a bakin aiki. A ƙananan ramuka littafi ɗaya mai bangon kwali ya isa, a rubuta sunayen waɗanda aka horar, da duk haɗarin da ya faru ko ya kusa faruwa, da abin da aka gyara.

Bayan wata guda mai koyarwa ya koma ba tare da ya aika saƙo ba, ya isa da sassafe kafin a fara sauka. Ya duba ko murafen kwalba suna kan allo, ko fentin ginshiƙai yana nan yadda aka shafa shi, ko tulin ƙasa ya sake matsowa baki, ya taɓa garin da ke fitowa daga injin niƙa ya ji ko da danshi. Sannan ya buɗe littafin ya nemi ranar da wani ya ajiye diga ya fito, ya kira mutumin gefe ya tambaye shi ko an ba shi rabonsa cikakke a wannan ranar.